Farfelar da Ta Ƙi Bin Littafi

Zuwa ga Baffana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna da ƙannena. Mu ma lafiya lau, sai dai idon Kaka da yake ƙara raunana.

Ka yi haƙuri da na dame ka. Na kira ka sau uku, ƙarar injinan ma'aikatarku ba ta bari ka ji ni ba, ni kuma ka san ba na iya ɗaga murya. Shi ya sa na rubuto, na ba direban da yake kai muku kaya.

Maganar tsohuwar motar Kaka ce, koriyar nan ta ƙarƙashin rumfa. Baba zai gina ɗaki a wurin. Ya ce nan da Asabar uku za a kawo yashi. In motar ta fita da ƙafarta, za a kai ta gidan abokin Kaka a ajiye. In ba ta fita ba, masu yankan ƙarfe zai kira, don ba zai kai wa mutane gawa gidansu ba. Tun ranar Kaka bai ƙara cinye abincinsa ba.

Injin yana tashi lafiya. Amma da an sa giya sai a ji ƙwal! ƙwal! daga ƙasa. Bakaniken layinmu ya shiga ya duba, ya ce farfela ce, wato dogon bututun ƙarfen da yake kai juyi daga giyabos zuwa ƙafafun baya. A kowane ƙarshenta akwai ɗan ƙarfe mai hannu huɗu, sunansa kuros, duka biyun sun cinye. Ya kwance ta ya ajiye mana a kan buhu, ya ce shi ba shi da lokacin neman kayan motar da ta girme shi.

Kaka ya ba ni littafin motar, na kwafi lambar kuros ɗin. Kwana uku ina zuwa kasuwar kayan mota bayan an tashi daga makaranta. A ƙarshe na samu guda biyu wurin wani dattijo, can cikin lungu, a kwalin da ɓera ya ci gefensa. Na gaba ya zauna daram. Na baya kuwa yawo yake a raminsa kamar cokali a kofi. Littafi ya ce girmansu ɗaya. Na auna da rula: ramin gaba milimita ashirin da bakwai, na baya talatin.

Kaka ya ce, "Amarya, ko dai an cuce ki, ko boko ya ƙi ki. Tun da na sayi motar nan ba mahaluƙin da ya taɓa cikinta."

Baffa, kai ka san ƙarfe. Ina na yi kuskure?

Ka gaida Inna. Na bar ka lafiya.
'Yarka,
Auta

*

Auta 'yar boko,

Wa alaikumus salam. Mun gode, kowa lafiya. Innarki ta ce wai ke ce ƙarƙashin mota? Ke da kike gudun kyankyaso!

Kada ki damu kanki da littafi. Masu rubuta shi ma mutane ne, wataƙila ranar yunwa suke ji. Kamfani yakan canza abu bai gaya wa kowa ba. Ki ɗauki tsohon kuros ɗin ki zaga shaguna, wani zai gane shi.

Abu ɗaya: kada ki wanke farfelar. Ki bar ta da dattinta, haka tsofaffin motoci suke so. Kuma ba sai kin riƙa jan Kakanki cikin maganar ba, ki bar shi ya huta.

Ki gaida shi, da babanki, da mamanki.
Baffanki

*

Zuwa ga Baffana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan alheri. Saƙonka ya iso, na gode ƙwarai.

Sai dai ya same ni na riga na wanke ta. Littafi ya ce a tsabtace kafin a auna, sai na sa kalanzir da tsohon buroshi. Ka gafarce ni. Yanzu kuma na fi da rikicewa.

Kamar taƙi ɗaya daga ƙarshen baya, akwai ɗinkin walda da ya zagaye bututun, mai ƙuraje, ba irin na kamfani mai santsi ba. Da baƙin fentin ya goge, sai ga ja a ƙarƙashi, amma daga ɗinkin zuwa baya kawai. Na kuma auna tsawonta da tef ɗin ɗinkin Mama, ta fi abin da littafi ya faɗa da santimita biyu.

Tsohon kuros ɗin ya narke sosai, shago shida ba wanda ya gane shi. Sai na ɗauki farfelar gaba ɗaya a adaidaita na kai wa dattijon nan, mutane suna ta kallona. Ya juya ta, ya shafa ɗinkin, ya yi dariya har da tari. Ya ce, "'Yata, kan nan na motarku ne, wutsiyar kuwa Allah kaɗai ya san uwarta. Ki je ki tambayo wanda ya haɗa su aure." Na ce ba wanda ya taɓa ta. Ya ce to, aljanu sun iya walda.

Na kama hannun Kaka na ɗora a kan ɗinkin. Ya ce haka kamfani ya yi ta, shi ya ɓare ledar kujerunta da hannunsa, zai fi ni saninta.

To Baffa, littafi ba ya ƙarya, Kaka ba ya ƙarya, dattijon kuma ya shekara arba'in a sana'ar. Saura ni. Amma ni ban yi walda ba.

Jiya Baba ya zo da magini suka ja igiya, ta bi ta gefen tayar gaba. Kaka kuwa yana zaune a cikin motar. Saura kwana tara.

Na bar ka lafiya.
'Yarka,
Auta

*

Auta,

Salamu alaikum. Awonki daidai ne. Ba ki yi kuskure ko ɗaya ba.

Shekara ashirin da shida ke nan. An tura Kakanki kwas na mako guda, ya rataye makulli a bayan ƙofa. Ni kuma lokacin ina jin kaina. Na kwashi abokai bakwai muka tafi kallon ƙwallo. A hanyar dawowa na ce bari in nuna musu gudu, sai na hau kan wani kwalbati da ban gani ba. Wutsiyar farfelar ta karye kamar rake.

Ba a samun irinta a kusa, ga kwana biyu ya rage. Wani mai walda ya yanko wutsiyar wata matacciyar a-kori-kura ja, ya ɗinka mata, ni na shafa baƙin fenti. Tsoho ya dawo ya tuƙa ta, har ya ce ta ƙara laushi. A wurin mai waldar nan na fara son aikin ƙarfe, kin ji asalin sana'ata.

Ki ce wa dattijon ya ba ki kuros na tsohuwar a-kori-kura mai ɗaukar tan ɗaya. Zai zauna. Wajen ɗaurawa, bakanike ya tabbata kunnuwan farfelar da suke riƙe kuros, na gaba da na baya, suna kan layi ɗaya, in ba haka ba za ta riƙa karkarwa.

Ki gaida mutan gida.
Baffanki

Af, na manta. Wannan takarda ke kaɗai za ki karanta. Kada Kakanki ya ji.

*

Zuwa ga Baffana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, kuma ina neman gafara tun kafin in fara.

Ban taɓa gaya maka ba, duk takardar da ta shigo gidan nan a gaban Kaka nake buɗe ta in karanta masa, saboda idonsa. Ban iya tsallake layi ba. Sai da na kai ƙarshe na ga gargaɗinka, shi ma na karanta shi da ƙarfi kafin in gane me nake faɗa. Don Allah, Baffa, me ya sa ba ka sa shi a farko ba?

Kuros ɗin ya samu, ya zauna cif. Dattijon ya ce a gaishe ka. Amma aikin ya tsaya, domin Kaka ya karɓe kuros ɗin ya sa a aljihu, ya sallami bakanike. Ya ce wanda ya fara ɗinkin shi zai zo ya ƙarasa, yana kwance a ƙasa, shi kuma yana zaune a kansa.

Ban gane ko fushi yake ba. Da farko ya ce, "Shekara ashirin da shida ina cika wa mutane baki, ashe rabin jaki nake hawa." Ya ce "ɗan banza" sau biyu. Sannan ya sa na maimaita masa wurin kwalbatin, ya yi dariya har da hawaye, ya nemi ƙarin abinci. Da na ce in rubuto maka ya yafe, sai ya ce wa ya gaya mini.

Baba ya ce ba zai ƙara ko yini ɗaya ba, an riga an yi magana da mai yashi. Na roƙi Kaka ya bar bakanike ya ɗaura, ya ce gara a yanka ta. Saura kwana uku. Ban san abin da zan yi ba, sai kai.

'Yarka mai laifi,
Auta

*

Auta,

Salamu alaikum. Na ɗauki hutu. Juma'a da hantsi ina nan, in Allah ya yarda, da akwatin kayan aikina.

Ki ɗiga wa notunan mai tun yau. Ki ce wa babanki motar za ta fita da ƙafarta, kuma ke za ki riƙe mini rula.

Ki ɓoye sandar Kakanki kafin in iso. Wannan layin ma na san kin karanta masa. Ina wuni, Baba.

Baffanki