Kangon da Ka Je Gani da Wanda Muke Ciki

Kilomita Biyar, Bangui
23 ga Fabrairu, 1997

Zuwa ga Yaya Abdulmutallib,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da karatunka da sanyin Strasbourg. Allah ya ƙara lafiya, ya ba ka abin da ka je nema. Barka da Sallah, ko da yake ta wuce da mako biyu. Mu ma mun yi tamu: an je idi an dawo ba a ji harbi ba, kuma a bana wannan shi ne kayan Sallarmu. Inna tana nan da tarinta, ya ƙi tafiya. Ni kuwa makarantar da nake koyarwa a rufe take tun Nuwamba, saboda haka na sami lokacin karanta wasiƙarka har sau huɗu.

Ta iso makonni biyar da suka wuce, shafi huɗu da hotuna shida. Ina taya ka murna. Na karanta yadda kuka fita hutu da abokanka zuwa tuddan Alsace, inda gonakin inabi suka yi sahu-sahu har gindin dutse. Na karanta yadda ka yi sa'a guda kana hawa, kana haki, don ka kai ga tsohon gidan sarautar nan da suke kira château. Ka ce da jan dutse aka gina shi, ba rufi ba ƙofa, ciyawa ta fito a tagogi. Ka ce mai yi muku bayani ya gaya muku sojoji ne suka ƙone shi shekara ɗari uku da suka wuce, har tsikar jikinka ta tashi. Sai can ƙasan shafi na huɗu, a ɗan wurin da ya rage, ka rubuta cewa kana jin labarin "abubuwan da ke faruwa" a rediyo, kana fata sun lafa. Layi ɗaya da rabi. Na auna da 'yar yatsa.

To bari in gaya maka abubuwan da ke faruwa. Sau uku ke nan sojoji suna bore a shekara ɗaya. A na ukun, wata Talata cikin Disamba bayan la'asar, wani abu ya faɗo a kan ɗakin marigayi Baba. Ba mu san ɓangaren da ya harbo ba, bai zo da takarda ba. Kwanon rufin ya tashi har da rabin na ɗakin Inna, bangon gabas ya tsage tun daga sama har ƙasa. Inna tana bayan gida tana alwala, shi ya sa yau nake rubuta maka "tana nan da tarinta" ba wani abu ba. Yanzu tamfol ne a samanta. Ka ga ashe da ka yi haƙuri ka zo gida hutun nan, da ka ga kango ba tare da hawan dutse ba. Namu ma sojoji ne suka yi shi, kuma mai bayani, wato ni, tana da digiri a tarihi.

Da Kawu Abdulganiyu ya ji, sai ya aiko daga Ngaoundéré ta Kamaru cewa a kai masa Inna ta zauna wurinsa har ƙasa ta natsu. Ka san Inna da gidan nan. Kwana tara na yi ina lallashi kafin ta yarda. Ta ɗaure kayanta, ta raba kajinta ga maƙwabta, ta je unguwar Yakité ta yi sallama da ƙawayenta. Nasidi direba, mai ɗauko kaya daga Kamaru zuwa kasuwa, ya ce zai ba ta gaban mota. Saura kwana uku su tashi ambulan ɗinka ya shigo, ni kuma da wautata na miƙa mata hotunan don ta ji daɗi.

Ta daɗe tana kallon wanda ka tsaya a bakin rusasshen bango, sama a buɗe a bayanka. Sannan ta ajiye, ta shiga ɗaki ta kwance kayanta. Ta ce ashe yaƙin ya kai can ma, an rushe wa ɗanta gida. Ta nuna mini gonar da ke ƙasan dutsen, ganye duk ya yi ja ya bushe, ta ce ga shi har amfanin gona an ƙone. Ta ce ba inda za ta, domin yaron da ya rasa wurin kwana gida zai nufo, kuma ba za ka zo ka tarar da ƙofa a kulle ba. Ban gaya mata cewa ƙofar ma ba ta kulluwa yanzu ba.

Na yi bayani, Yaya. Na ce mata tun kafin a haifi kakan kakanta aka rushe wurin. Na ce Turawa suna adana irin waɗannan kangaye, suna share su, har yankan tikiti ake yi a shiga kallo. Ta dube ni kamar yadda take duban mai tallan maganin ƙarya, ta ce ita ba yarinya ba ce, ba mai hankalin da zai bar ɗaki mai rufi ya je kango ya tsaya yana murmushi. Ta ce ta san murmushin nan, shi ka yi mata ranar da ka karye a hannu kana ɓoyewa. Na kira Malam Nasiru da ke koyar da yara kusa da Masallacin Koudoukou don ya taya ni. Ya juya hoton, ya sake juyawa, ya ce Allah ya mayar maka da alheri. Tun daga ranar, mata ke shigowa yi wa Inna jaje, da Hausa da Sango. A unguwar da kowane gida yake da abin kuka, kai ake yi wa addu'a.

Akwai kuma laifina, ba zan ɓoye ba. A hoto na biyar kuna zaune a teburi, da wata doguwar kwalba kusa da gwiwar hannunka. Na san abin da ake yi da inabin ƙasar nan, Inna ba ta sani ba. Ita tana zaton ci ake yi. Ban tambaye ka ta wane ne ba, kuma ba na tambaya yanzu. Almakashi na sa na yanke gefen kafin in ba ta. Ta lura. Ta ce gawa ce na yanke don kada ta gani. Ka ga inda rufa maka asiri ya kai ni: yanzu duk abin da na faɗa, ƙarya ce a wurinta.

An ce an sa hannu a kan sulhu. An ce haka a Afrilu, an ce haka a Mayu. Ko da wannan ya riƙe, ruwa ba ya sa hannu da kowa. Nan da mako huɗu ko biyar zai sauko, tamfol ɗin nan ba zai tare shi ba, ƙirjin Inna kuma ba zai ɗauka ba. Nasidi zai sake tashi a ƙarshen Maris, ya ce bayan wannan ba ya alkawari, don hanya za ta ɓaci.

Saboda haka ga abin da nake so, kuma ba wasiƙa ba ce, don ni zan karanta mata, ni kuwa an daina yarda da ni. Ka sami kaset ka yi mata magana da bakinka, da Hausa, ba da Faransancin da kake yi mana ado da shi ba. Ka ce lafiyarka ƙalau, ba za ka taho ba, ta tafi wurin Kawu. Ka rantse mata, don ba ta taɓa jin ka rantse a kan ƙarya ba. Hajiya Rahamatu, matar mai shagon atamfa, ita ce za ta sa maka wannan takarda a gidan waya in ta sauka Paris, kuma za ta juyo ran goma sha biyar ga Maris. Ita za ka kai wa kaset ɗin, lambar masaukinta tana bayan ambulan. Daga wurinka zuwa wurinta, na duba taswira, ba dutsen da za ka hau.

Mutanen gidan Kawu suna gaishe ka. Malam Nasiru yana gaishe ka, ya ce ka yi haƙuri, gida abin sakewa ne. Inna ta ce in gaya maka ta share maka abin da ya rage na ɗakin Baba, ta shimfiɗa tabarma.

Ka haɗa da hoto ɗaya. A cikin ɗakinka, a zaune, ba kwalba, ba murmushi. Ka ce wa mai ɗauka ya ɗaga kyamarar sama kaɗan, rufin ya fito.

Wassalam. Ƙanwarka,
Jamila