Inna, na ga daɓenki a Mafara

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, tare da ladabi da biyayya, ina fatan kina kwance cikin rahamar Ubangiji. Mu nan muna lafiya, jikokinki sun yi wayo. Shawara na kawo miki, ko da yake na san ba amsa zan samu ba.

Tun da aka sayar da gidanmu na Bakura aka raba gado, ban taɓa rabona ba. Bana aka dawo da ni koyarwa Talata Mafara daga Maradun, na ce haya ta ishe ni. Dillali ya kai ni wani tsohon gida a bayan kasuwa, kusa da mahauta. Ginin laka ne, soro biyu da zaure, azara ta sha hayaƙi, indararo ɗaya ya karye. Kuɗinsa daidai aljihuna, abin da ya fara ba ni tsoro ke nan.

Yaya Bello ya zagaya shi sau ɗaya, ya kaɗe rigarsa. Ya ce in sayi fili a bakin gari in yi ginin bulo kamar kowa, wai wannan gida kowace damina sai ya ci yaɓe kamar mai cin tuwo. Kin san Yaya, ko gaskiya ya faɗa sai ka ji kamar ka yi masa musu. To, gaskiyar ya faɗa. An ɗaga titi ya fi tsakar gidan tudu, ruwa kuma ba ya sallama.

Har na juya zan fita, sai na leƙa ɗakin ƙurya.

Inna, daɓe ne. Ja, sumul, ya sha makuba, shekaru sun goge shi har yana ɗaukar ido. A bakin ƙofa an jera fasassun tangaran, farare, da shuɗi guda a tsakiya. Irin jerinki ne sak. Ni kike aikawa in tsinto miki su a bola, ki wanke, ki zaɓa, kina cewa, “Ɗakin amarya ba a barinai ba ado.” In na kawo shuɗi biyu, ki ƙulle ɗaya a bakin zanenki, ki ce na wani ɗakin ne.

Wata tsohuwa a maƙwabta ta tabbatar mini. Ta faɗi sunanki gatsau, sunan da bakina bai taɓa furtawa ba. Ta ce, “Wanga daɓe hannunta na. Daga Bakura anka ɗauko ta, ita ka ba da waƙa, mu muna amshi. Ke ɗiyatta ta?” Na gyaɗa mata kai.

Ina kewarki, Inna. Ina kewar ƙarar madaɓinki da hantsi, da yadda kike dawowa hannu ya yi kanta, ki miƙo mini in shafa miki man shanu kina mitar na cika ƙarfi. Gidanmu na Bakura an rushe shi, shaguna ne a wurin yanzu. Ban san akwai sauran inda hannunki ya rage a duniya ba.

Na kira magini, ya auna, ya ce babu dabara. In mutum zai zauna a gidan, dole a yi ciko a zuba siminti, daɓen ya tafi ƙasa. In kuwa na bari, akwai wani mai fataucin shanu da ke jira, shi rushewa zai yi gaba ɗaya. Ko ta ina, ba zan tsira da shi ba. Kwana uku ina juya maganar, na lissafa yaɓe, na lissafa ruwa, na lissafa warin mahauta, duk Yaya ne ke cin nasara.

Jiya na ce wa dillali na saya.

Na roƙi magini abu guda: kwanon ƙasa na farko ni zan zuba. Ranar da aka ɗauke ki, maza suka tafi da ke, mu mata aka bar mu a tsakar gida da tabarmi. Ban ga inda aka sa ki ba, ban zuba miki ko tafin ƙasa ba. Wannan karon da hannuna zan rufe daɓenki, kuma a kansa zan shimfiɗa abin sallata.

Allah Ya haskaka makwancinki, Ya yalwata shi, Ya sanyaya miki ƙasa kamar yadda kika sanyaya wa 'ya'yan mutane ɗakunansu. Ya haɗa mu a gidan da ba a raba shi gado. Amin.

Taki har kullum,
autarki, Hadiza