Ƙafar Keken Da Surukina Ya Ɗaura Mini

Malam Ɗantani, don Allah ka taimake ni, na shiga halin da ko matata ban iya gaya wa ba. Ni ma'aikacin lafiya ne a yankin Gwashi ta Bukkuyum, aikina kai allurar rigakafi ƙauyuka cikin akwatin ƙanƙara. A da babur nake hawa, amma da fetur ya yi tsada, ɓarayi kuma sunka mai da babur abin farautarsu, sai na sayar na sayo keken gwanjo a kasuwar Gummi, irin mai ƙatuwar taya da aka yi don hawa duwatsu. Keke ne na kirki, har ranar da na afka kwazazzabo ƙafar gaba ta lanƙwashe kamar faifan da aka zaune.

To ga inda gizo ke saƙar. Surukina, mahaifin matata Turai, wanda ba zan kama sunanshi ba, tun ina goye yake gyaran keke a gindin tsamiyar bakin kasuwa. Ni niyyata in sayo wata ƙafar in huta. Sai Turai ta ce ai abin kunya ne a ji mijin ɗiyar mai gyaran keke ya kai aiki Gummi. Kafin in buɗe baki har ta ɗauki ƙafar ta kai gidansu.

Baba ya yi aiki tsakaninshi da Allah. Ya sa taɓarya ya miƙe gargaren, wato zoben ƙarfen da taya ke hawa, ya cire tsinkayen ƙarfen da ke riƙe shi, ya maye su da na tsofaffin kekunan dakon buhu. Da ya ga sun yi tsawo sai ya datse su ya lanƙwasa. Bai karɓi komai ba, har da addu'a ya haɗa mini. Na durƙusa na yi godiya, idona a ƙasa.

Malam, ƙafar nan ba ta san gabas ba. In na nufi masallaci sai ta nufi mahauta. Birki na gogarta tana kuka, faci kuwa ya zama abincin yau da gobe. Maƙwabcina ya ga yadda nake tangaɗi a kanta, ya ja ni gefe cikin tausayi ya ce in je a auna jinina, wai tun da gubar dalma ta yi ɓarna a Bagega ba a wasa da jiri. Wannan duk mai sauƙi ne. Rannan na isa wani ƙauye ƙanƙarar ta riga ta narke, mata sun taru da jarirai tun hantsi, dole na ba su haƙuri na juyo da maganin. Abin ya ci mini rai ƙwarai.

Sai na saci jiki na tafi Gummi na sayo wata ƙafar ta gwanjo, na ajiye a rugar wani Bafillace abokina, Atiku. Kullum da safe ina fita da ƙafar Baba, hanyata kuwa ta gindin tsamiyarshi ta bi. Ka san ba a wuce suruki a kan keke, sauka ake yi a cire takalmi a gaishe shi, to turawa nake yi har in ɓace mishi, shi ya sa bai taɓa ganin rawar da take yi ba. In na kai ruga sai in ɓalle ta in ɗaura ta Gummi, da yamma in mayar. Atiku ya ce ya ga masu canza riga a hanya, amma mai canza ƙafa a kaina ya fara gani.

Yanzu ƙafar Baba ta yi suna. Watanni tana zirga-zirga a hanyar duwatsu, a ganin mutane, ko tsinke ɗaya bai tsinke ba. Inna, wato surukata, ba bikin da za ta je ba ta ba da labarin ba. Mutane sunka fara kawo nasu. Abokin aikina Rabe ya kai tashi, yau ga shi kwance da ɗori a kafaɗa, haƙorinshi na gaba kuma yana can hanyar Bukkuyum. Da na je dubiya ya tambaye ni sirrin hawanta, na ce mishi sai a hankali.

Shi Baba bai taɓa yin alfahari ba. Duk Juma'a in na je gaisuwa sai ya latsa tayar, ya daɗe yana dubanta, ya ce Allah ya ƙara lafiya. Makon jiya kuma ya aiko Turai wai in kawo ƙafar baya ya ɗaura ta, don su zama iri ɗaya. Malam, ta baya ba ta ɓalluwa da sauƙi, ga su Atiku za su tashi da shanu bayan kaka. In na yi magana na kunyata mutumin da ya ba ni ɗiya, in na yi shiru haƙoran gari suna wuyana. Ina mafita?

Mai Ƙafa Uku, Gwashi

*

Mai Ƙafa Uku, sannu da hidima. Ina jinjina maka, ba kowa ke iya auren ƙafa biyu a gaban keke ɗaya ya kuma raba musu kwana daidai ba.

Kunyarka ba laifi ba ce, tarbiyya ce, kuma Baba ya cancance ta. Shi ma bai cuce ka ba, abin da ya sani ya ba ka, irin wannan keken ne ya zo bayan hannunsa ya riga ya saba da wani. Amma kunyar da ta karya kafaɗar Rabe ta wuce gona da iri. Gobe wani ne zai faɗi da yaro a bayansa.

Ka fara da Rabe. Ka koma dubiya ka gaya masa gaskiya, ka nemi gafararsa. Daga nan ka zaunar da Turai, domin ita ta kai ƙafar, ita ce kuma za ta iya rage wa Inna zaƙin labari ba tare da ran kowa ya ɓaci ba.

Game da ƙafar, gargaren da ya sha taɓarya ya gama aiki. Kowace ƙafa da tsawon tsinkenta, ba a datsewa, kuma sabbi ba su da tsada. In za ka zaɓi ta gwanjo, nemi mai tsinke talatin da shida da gargare mai kauri, ka juya ta ka ga ko tana kaɗuwa kusa da birki, ka taɓa tsinkayen ka ji ko ɗaurinsu ɗaya ne. Ka sayo irin waɗannan kayan, ka haɗa da ƙafar Gummi, ka ba wani aminin Baba, sa'ansa, ya kai masa a matsayin aikin da kake roƙon ya duba maka. Bakin da ya girme ka zai faɗi abin da naka ba zai iya ba, shi kuma Baba ya sami abin koyi a hannunsa ba tare da an ce masa ya koya ba.

Saura abu ɗaya. Ban shiga zuciyar Baba ba, amma mutumin da ya tsufa yana latsa taya ya san wadda ta sha dutse da wadda ta wuni a inuwar bukka. Kana tsammanin me yake dubawa duk Juma'a? Ina kyautata zaton ya daɗe da ganewa, nauyinka ne ya hana shi tambaya, kamar yadda nasa ya hana ka faɗa. Aiken ƙafar bayan nan ƙofa ce ya buɗe maka, ka shiga tun su Atiku ba su tashi ba. Kai kana jin kunyarsa, shi yana jin taka, Rabe ne ya biya da haƙori.

Allah ya ba Rabe lafiya, ya ƙara wa Baba girma, kai kuma ya kai ka ƙauyukan nan da ƙanƙararka ba ta narke ba.

Malam Ɗantani