Ciwon Hannuna Ya Warke, Masu Sayen Furata Ba Su Dawo Ba

Zuwa ga jami'in da ke kula da ƙananan asibitocin yankinmu,

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya aiki, ya iyali? Allah ya taimaka.

Ni mai sayar da fura da nono ce daga Masanawa. Da wannan ƙwaryar nake ciyar da gidana tun rasuwar maigidana.

Na ɗaya. Daminar bara ina gyara shingen garke, ƙaya ta soke ni a bayan hannu. Wajen ya yi ƙurji, wasu ƙuraje suka jeru har gwiwar hannu. Ba zazzaɓi, ban rame ba, ina cin tuwona lafiya lau.

Na biyu. A ƙaramin asibitin da na je, ma'aikacin ya ce irin wannan ciwo sai wanda garkuwar jikinsa ta karye. Sau uku yana tura ni gwajin ƙanjamau, kuma a gaban mata masu jiran awo yake faɗa. Duk sakamakon ya fito babu komai, amma wannan ba a ɗaga murya an faɗe shi ba. Kafin sati ya zagayo maganar ta riga ni zuwa kasuwa. Matan da muka shekara goma muna ciniki suka riƙa gaishe ni daga nesa. Wallahi na ji ciwon wannan fiye da na hannun.

Na uku. Da na je Kano, wata likitar fata ta ɗan yanki wajen aka duba. Ta ce dangin makero ne, amma mai shiga can cikin fata, ƙwayar cutar tana zaune a cikin ƙasa da jikin itace, kuma mai cikakkiyar lafiya ma yana kamuwa idan ƙaya ta soke shi. Ba a ɗaukarsa ta abinci. Na sha ƙwayoyi wata huɗu, yanzu sai tabo.

Ba na neman a hukunta kowa. A sanar da ma'aikatanku cewa akwai wannan ciwo, a riƙa tura mai irinsa wajen likitan fata da wuri, maganar gwaji kuma a yi ta a sirrance.

Sai roƙona na ƙarshe. Takardar likita na hannuna, amma masu sayen fura ba sa neman takarda. Ranar kasuwa ka zo, ka zauna inda kowa zai gan ka, in dama maka da hannun nan ka sha.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya rufa maka asiri.

Wassalam, daga mai furar da ke jiranka.