Ko Ƙofar Gidansa Ban Gani Ba

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Yaya gida, yaya Malam da yara? Ina fatan ciwon ƙafar ya yi sauƙi. Mu nan Daura lafiya lau.

Na je Kano ganin jaririn Sanusi, ɗan marigayi Yaya Idi, Sanusin nan da na goya. Na ƙulla musu kuka da daddawa. Ya tarbe ni a tasha, amma maimakon gida sai ya kai ni wani gidan abincin Turkawa, cike maƙil da mutane. Aka kawo gurasa mai zafi da gasasshen naman rago.

Ya ce, "Gwaggo, ci. Nan ga daɗi ga araha."

Na ce, "Yaushe za mu ga yaron?"

Ya ce mai jego tana hutawa, ya nuna mini hotonsa a waya. Kafin la'asar ya mayar da ni tasha.

Abincin da daɗi, ba zan yi ƙarya ba, amma ba yunwa ce ta kai ni Kano ba.

Ki taya ni addu'a, Allah ya cire mini abin a rai. Ki gaida kowa. In kin zo akwai kuka da daddawa, ko kwance ƙullin ban yi ba.

Ƙanwarki,
Binta