Ƙwaya Biyu Na Jefa wa Karen Mijina

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki taimake ni, abin nan ya tsaya mini a rai. Aurena bai cika shekara ba. Tun ina gidanmu ba ni da abin da nake so kamar littattafan soyayya, har Yayata kan ce ko gida ya kama da wuta sai na kai ƙarshen babi zan fito.

Mijina yana da kare, Gajere, da ya raina tun yana kwikwiyo, tun bai san ni ba. Shi ke gadin gidan idan aikin gyaran injinan ruwa ya kai maigidan nesa. Ni kam tsoronsa nake, ta tagar kicin nake cilla masa abinci, shi kuma ya ɗago ya kaɗa mini wutsiya kamar mun shekara goma tare.

Kwanan nan da mijina zai yi tafiya, ya bar mini maganin tsutsar ciki da likitan dabbobi ya ba shi, ƙwaya biyu, ɗaya a ba shi ranar, ɗaya sai bayan 'yan makonni. Ya yi mini bayani sosai, ba zan yi masa ƙarya ba. Na naɗe ɗaya cikin tsokar nama na tsaya bakin taga, waya a hannuna ina karanta wani littafi a ciki, don na iso daidai inda jarumar ta gano cewa saurayin da ta wulaƙanta shi ne ya ba mahaifinta jini a asibiti. Na cilla naman ban ko duba ba. Da na gama share hawaye na leƙa, sai ga kyanwar maƙwabta kusa da Gajere tana lashe baki. Na ce shi ke nan, ita ta cinye. Maimakon in kira mijina in tambaya, sai na naɗe ta biyun na jefa, wannan karon ina kallo har ya haɗiye.

Kafin yamma ya fara amai, sai zawo, yawu na dalala. Kyanwa kuwa tana kan katanga lafiyarta ƙalau.

Da maigida ya dawo ya same shi kwance ƙarƙashin tankin ruwa, ya tsuguna yana kiransa, Gajere ya motsa wutsiya kawai. Nan take ya kira likitan, wanda abokinsa ne tun na makaranta, ya hau shi da faɗa wai lalataccen magani ya ba shi. Ina tsaye riƙe da kofin ruwan da na kawo masa, ina jin komai. Bawan Allah ya yi ta rantsuwa cewa ƙwaya ɗaya daidai take da nauyin karen, ya ce a kawo shi ya gani. Mijina ya ce ba zai sake taka wurinsa ba. Yanzu ƙwaya ta biyun yake nema don ya nuna wa wani likitan, alhali ledarta na ƙasan kwandon shara inda na tura ta. Anti, har taya shi nema nake yi. Ni ke ɗaga masa filon kujera.

A littafi in mace ta faɗi laifinta, ruwan sama ke saukowa, mijin ya share mata hawaye. Nawa ba haka yake ba, in ya ji haushi shiru yake yi, kuma shirun nan nake tsoro. Gajere ya fara lasar ruwa amma har yanzu bai ci komai ba. In faɗa ne, ko in bari ya warke maganar ta mutu?

Taki, Matar Mai Kare

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ajiye wayar, ki je ki faɗa masa yau, ba gobe ba. Dalilin farko ma ba aurenku ba ne, Gajere ne. Duk likitan da zai duba shi yana bukatar sanin me ya sha da yawan abin da ya sha, in ba haka ba lalube zai yi. Ciro ledar nan daga shara, sunan maganin yana jikinta.

Ki kwantar da hankali kaɗan. Kare kan yi amai ko zawo ko kasala bayan maganin tsutsa ko da an ba shi daidai, kuma yawanci yakan wuce. Amma tunda har yanzu ya ƙi abinci, a kai shi a duba. In kin ga yana karkarwa, ko tangaɗi, ko jini a kashinsa, kada ku jira komai. Ki ajiye masa ruwa mai tsabta kusa, kada ki ɗura masa madara ko mai ko wani haɗin da maƙwabta za su kawo.

Kuskuren jefa ƙwaya ƙarami ne, kowa na iya yi, kuma maigidan ma ya san tsoron karen kike da ya bar miki aikin. Abin da ke girma shi ne shirun, domin ga mutumin da bai yi laifin komai ba an zage shi a kan sana'arsa, ga tsohuwar abota tana neman lalacewa. Ki faɗi maganar kai tsaye, har da taya shi neman da kika yi, kada ki laɓe bayan kyanwa. Ki roƙe shi ya kira abokinsa, ke ma ki karɓi wayar ki ba shi haƙuri da bakinki.

Zai yi fushi, wataƙila ya yi shirun da kike tsoro. Ki bar shi ya yi, yana da hakkin haka. Gara ya ji daga bakinki da ya gano da kansa. Littattafanki kuwa ban ce ki daina ba, ni ma ina karantawa, sai dai in magani na hannun dama, kada waya ta kasance a na hagu.

Allah Ya ba Gajere lafiya, Ya sanyaya zuciyar maigida, Ya ba ki ƙarfin buɗe baki.