Dodon Koɗi a Banɗakina

Malama, ki taimaka mini, hankalina ya ƙi kwanciya. Ki yi haƙuri da rubutuna, sai da na aurar da 'ya'ya biyu na shiga makarantar manya.

Autata ce ta yi karatu mai zurfi. Bincike take yi kan tsargiya, ciwon fitsarin jinin nan da yara ke ɗauka a kududdufi. Masu ba da tallafi ne ke riƙe da aikin, bana suka janye, wai hankalinsu ya koma wani wajen. To, ciwon fa, ina ya koma? Aka rufe ɗakin binciken, ita kuma ta kwaso dodon koɗin da take kiwo, irin wanda cutar ke zama a jikinsa, ta jera mini su cikin robobi a banɗaki. Latas take saya musu, ni kuwa maganin hawan jinina sai na tuna mata. Maƙwabta "Kakar dodo" suke ce mini. Surukata ta hana jikokina zuwa.

Wani kamfanin man shafawa ya ba ta aiki, ta ƙi, wai wa zai canza musu ruwa, in suka mutu wahalar shekaru ta tafi a banza. Ta rame, kullum rubuta takardar neman tallafi take, ba mai amsawa. Zuciyata na raya mini in faki idonta in juye su a kwata, kowa ya huta.

Uwa mai damuwa

Mama, kada ki juye. Kwatar nan wani kududdufi take zuwa, kuma 'ya'yan wasu ke wasa a ciki. Kuma ranar da kika juye, da wuya 'yarki ta sake kallonki yadda take yi yanzu.

Amma kina da gaskiya, banɗaki ba ɗakin bincike ba ne. Ki tambaye ta kai tsaye ko suna ɗauke da cutar, kuma kada kowa ya sa hannu a ruwan. Ku sa lokacin da za ta nemo abokan aikinta masu wuri su karɓi riƙonsu. In sun samu masauki, ta kama aikin kamfanin tana ci gaba da neman tallafi. Yin haka ba ya nufin ta sallama.

Fushinki kuwa, ki kai shi inda ya dace. Waɗanda suka janye ba ɗansu ke fitsarin jini ba. 'Yarki ce ta ƙi juya wa yaran nan baya, kuma ke kika raine ta haka. Allah ya kawo mata masu tallafi, ya dawo miki da jikokinki da banɗakinki.